Shafin Miji a Littafin Jana'izar Afrakoma

Sati tara Afrakoma ta yi a firjin asibiti kafin danginta su tsayar da ranar binne ta. Ba a nemi shawarata ba, ban kuma sa ran za a nema ba. Shekara talatin da takwas muna tare, amma ranar da numfashinta ya tsaya ta koma hannun 'yan ɗakinsu, ni kuma na zama baƙon da ake ba kujera a gefe. Yayanta, Opanin Gyamera, shi ne babba a danginsu. Shi ya zaɓi akwatin gawa, shi ya zaɓi atamfar makoki, shi ya zaɓi hoton da za a sa a bangon littafin jana'iza, wani hoto da ta tsana don ya fito da ita kamar mai ciwon haƙori.

Abu ɗaya aka bar mini, shafin miji a cikin littafin. Wannan ko Gyamera ba ya iya taɓa shi. Na yi shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a Brempakrom, ban taɓa ganin littafin da mutanenmu ke karantawa kamar littafin jana'iza ba. Wanda bai taɓa buɗe jarida ba zai sa a karanta masa shi daga bango zuwa bango, don ya ji ko an sa sunansa cikin manyan masu makoki, kuma a layi na nawa. Daga nan a adana shi ƙarƙashin katifa tare da takardar gona.

Mai ɗab'i ya ce in kai masa rubutuna kafin ranar Juma'a. Na riga na rubuta, na gyara shi sau bakwai. Amma akwai wata takarda da nake nema, kuma na rantse ba za a sa Afrakoma a ƙasa ba sai na gan ta.

Likitan da ya duba ta a ƙarshe ne ya sa mini wannan ƙaiƙayin. Yana wanke hannu, bai ko dube ni ba, ya ce, "Masta Boadu, wane ruwa kuke sha a garinku?"

Na ce na burtsatse. Har da ɗaga kai na faɗa.

Ya ce, "Matarka ce ta shida daga Brempakrom a bana, kuma duk ƙoda. Na ji an taɓa zuwa an ɗebi ruwanku don gwaji. Ka je ka tambayi abin da aka gani."

Burtsatsen nan tawa ce, kowa ya sani. Tun da 'yan galamse suka shigo da injinansu suna wankin zinariya, koginmu ya koma kalar kunu. Sai mata suka koma hawa dutse, can wani idon ruwa da ke bayan gonakin koko, tafiyar da ke cinye musu safiya. Ni na zauna na rubuta wa ofishin gunduma wasiƙa ashirin da uku cikin shekara shida, har suka gaji da ni suka zo suka haƙa mana rijiya a tsakiyar gari, suka kafa famfon tuƙa-tuƙa. Ranar buɗewa na yi jawabi da Turanci na kusan awa guda, ga mutanen da ke jiran a ba su ruwa.

A satin farko Afrakoma ta ce mini, "Masta, ruwan nan kamar an jiƙa tsohuwar ƙusa a ciki."

Masta take kirana, har a cikin ɗaki. Na ce mata wannan ɗanɗanon sabon bututu ne, bakinta ne bai saba da tsabta ba. Bayan 'yan kwanaki na ɗebo ruwa daga tuluna na ɗakin karatu, na sha a gabanta, na ce, "Ina ƙusar? Ni ban ji komai ba."

Ta ce, "To, ai kai ne mai ilimi." Ba ta sake tayar da maganar ba.

Na san akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa damar ya nemi kowace takarda a hannun hukuma. Tun ranar da aka sa mata hannu na yanke labarin daga jarida na adana, ina jin kamar ni aka yi wa ita. Mako ɗaya da rasuwar Afrakoma na hau tarotaro, motar hayar da muke shiga, zuwa hedikwatar gunduma, na cike fom ɗin da rubutun da ya fi na wanda ya tsara shi kyau. Aka ce in dawo bayan kwana goma sha huɗu, haka doka ta ce. Na dawo, aka ce jami'ar bayanai ta tafi taron ƙara wa juna sani. Na sake dawowa, aka ce babu wuta. A zuwa na huɗu, ranar Talata, kwana uku kafin wa'adin mai ɗab'i, na tarar da ƙofar a buɗe.

Matar da ke bayan tebur ta miƙe tsaye da sauri har kujerarta ta bugi bango.

"Masta! Ba ka gane ni ba? Oforiwaa ce, 'yar Maame Dufie mai sayar da tuwon dakunu. Aji shida, layin taga."

"Mai cin gyaɗa a ƙarƙashin tebur."

"Kai, Masta, har yanzu ba ka yafe ba?" Ta yi dariya, sai idonta ya sauka kan baƙaƙen kayana, dariyar ta tsaya. Ta yi mini ta'aziyya kamar yadda ya kamata, ta ba ni kujera, ta nemo fom ɗina daga cikin wani kwali. Ta karanta, fuskarta ta saki.

"Ai wannan da ba ka wahalar da kanka ba, Masta. Ba sai an cike fom ba. Abin da kake nema ba a ɓoye yake ba, yana shafinmu."

"Wane shafi?"

"Na intanet. Doka ta ce kada mu jira sai an tambaya, mu riƙa fitar da komai da kanmu. Mu kuwa ba ma wasa da wannan." Ta nuna bango. Akwai wata takardar yabo a cikin gilashi, wata ƙungiya ta ba gundumarmu lamba ta biyu wajen bayyana wa jama'a takardu.

Ta juyo da fuskar kwamfutar wajena. Ta danna inda aka rubuta takardu, daga nan wasu takardu, daga nan na baya. Jerin sunaye ya fito, babu ko ɗaya da ya ce ruwa, duk lambobi ne. Ta buɗe uku ba su ba ne, ɗaya ma jadawalin hutun ma'aikata ne. Na huɗu shi ne. An ɗauki hotonsa a kwance, sai da ni da ita muka karkatar da kai kamar kaji suna kallon sama. Ta yi ta jan shi ƙasa har shafi na sittin da biyu.

Sunan garinmu yana layi na biyar. Na saba karanta sakamakon jarrabawa, na san yadda ake bin layi da yatsa zuwa ƙarshe. Gubar arsenik ta ninka abin da jiki ke ɗauka sau tara. Akwai zaiba, irin wadda 'yan galamse ke kama zinariya da ita. A gidan ƙarshe an rubuta gajeren hukunci: bai dace da sha ba, a rufe nan take.

Na ce, "Yaushe aka sa wannan?"

Ta duba ƙasan shafin. Ta faɗi ranar a hankali. Na ƙirga da yatsu kamar ɗan aji ɗaya. Wata goma sha tara kafin Afrakoma ta mutu. A lokacin ƙafarta ba ta ko fara kumburi ba. A lokacin tana daka sakwarar fufu da kanta, tana yi mini tsiya cewa ina karanta littafi ɗaya sau biyu don na manta ƙarshensa.

Kusa da ranar akwai wata 'yar lamba, biyar.

"Wannan fa?"

"Yawan waɗanda suka buɗe shi ne." Ta sake duban lambar. "Ɗaya ni ce, ranar da na ɗora, don in ga ko ya hau. Biyu masu duba mu ne kafin su ba mu lambar yabo. Ɗaya ban san ko wane ne ba. Na biyar mu ne, yanzu."

"Da kika buɗe, kin karanta?"

"Masta, a watan nan kaɗai takarda ta fi ɗari takwas na ɗora. Daga kowane ofishi ake turo mini su a ɗaure. Aikina in ɗauki hotonsu in ɗora. In na tsaya karantawa…"

"Masu ruwan fa, da suka rubuta a rufe?"

"Su sun turo mana, sun ce an sanar da jama'a. Mu mun ɗora, mun ce an sanar da jama'a."

"Ranar da za a zo karɓar harajin kasuwa, mai shela yana zagaya Brempakrom da kugensa sau uku, har kurma ya sani. Me ya hana a aike shi?"

"Doka ba ta ce kuge ba, Masta. Shafi ta ce."

Na buɗe baki zan faɗa mata abin da na shirya tun a cikin mota, maganganu masu kaifi da na jera kamar wuƙaƙen mahauci. Sai na ga ba ni take kallo ba. Ta kafa wa layi na biyar ido, hannunta yana laluben wayarta a kan tebur.

Ta ce, "Maame tana can. Da ruwan nan take dafa dakunu."

Ta kira uwarta a gabana. Na ji muryar tsohuwar tana fita daga wayar, tana cewa wane irin shirme ne wannan da tsakar rana, ruwan gwamnati ne fa, Masta Boadu da kansa ya kawo shi. Oforiwaa ta rufe bakinta da hannu. Da ta gama, ta buga mini shafin a takarda, ta danna masa hatimi, ta sa hannu. Ta sake danna hatimin a gefe, ko da yake ɗaya ya isa.

A cikin tarotaro na tuna da wayar da tsofaffin ɗalibaina suka saya mini ranar da na yi ritaya, irin mai shiga intanet. Tana cikin kwalinta a aljihun tebur. Na sha faɗa wa mutane cewa abin da ba a kan takarda yake ba, ba karatu ba ne. Ina da littafi ya fi ɗari huɗu a gida, na san shekarar da aka yi kowane yaƙi a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba.

Washegari na je fada don a ba ni mai shela. Kakakin sarki ya karɓi takardar, ya juya ta, ya ce Nana, wato sarki, ya yi tafiya, kuma ba a buga kugen fada a kan abin da zai firgita gari sai gunduma ta rubuto wa fada da sunanta. Ban ja maganar ba. Duk garin an san a filin wa injinan galamse suke aiki. Da na fito na bi ta gaban famfon. Mata sun jera bokitai, wata mai goyo tana tuƙawa, ta ɗaga mini hannu.

Na sami Gyamera a bayan gidansa yana juya koko a kan tabarmar shanya. Bai daina ba da ya gan ni.

"Akonta, surukina, ka zo. An ce har yanzu ba ka kai rubutunka ba. Ko Turancin ne ya ƙare?"

Surukin nan nawa bai taɓa sona ba, ni ma ban taɓa ɓata lokaci wajen neman ya so ni ba. Na miƙa masa takardar. Ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, wanda hanyarsa ce ta cewa bai iya karatu ba. Na karanta masa, na fassara. Na ce wannan zan sa a shafina, da hatiminsa da komai.

Ya ɗauki wata ƙwayar koko ya fasa da haƙori, ya duba cikinta.

"Jana'izar ƙanwata kake so ka mayar taron siyasa."

"Mutum nawa kuke sa ran za su zo?"

"Garin duka, da na ƙauyuka. Ba 'yar talakawa za mu binne ba."

"Littafi nawa za a buga?"

"Ɗari shida."

"To, takardar nan wata goma sha tara tana hannun hukuma kafin ƙanwarka ta rasu, mutum biyar suka gan ta."

"Ka san abin da za a ce? Za a ce Masta ya kawo rijiya ya kashe matarsa, ya kuma zo yana shela da bakinsa. 'Yan'uwanta mata za su ci ka ɗanye a gaban gawa. Ni ba zan tare maka ba."

"Ban ce ka tare ba."

"Mace ta yi maka shekara talatin da takwas, ka rasa kalma biyu masu daɗi da za ka raka ta da su, sai lambobi?"

"Ina da kalmomin. Shafin ne guda ɗaya."

Ya watsar da ɓawon, ya goge hannu a zaninsa. Ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon da yake yi wa akuya kafin ya taya.

"Kai dai ga ka nan garau. Ƙafarka ba ta kumbura ba. Ba ka taɓa tambayar kanka dalili ba, mai ilimi?"

Na ce jiki da jiki akwai bambanci.

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Akonta, kai ka taɓa shan ruwan rijiyar nan kuwa? Sati ɗaya ka sha. Cikinka ya ɓaci, ka ce wake ne. Ita ta san ba wake ba ne, ta kuma san ko za ka mutu ba za ka yarda rijiyarka ce ba. Tun daga ranar kullum da safe take hawa dutse da galan ɗin nan mai ruwan ɗorawa, ta cika maka tulunka kafin ka gama jaridarka. Ta gonata take wucewa, ni nake ɗora mata a kai wani lokaci."

"Ganyen gwaza take zuwa tsinkowa."

"Kullum? Shekara huɗu? Ku nawa ne a gidan?"

Na ce, "Ita fa? Me ya hana ta sha?"

"Da waɗannan gwiwoyin nata? Sawu ɗaya take iyawa, galan ɗaya. Kai da shayinka kuna shanye shi. Na ce mata ta faɗa maka. Ta ce a bar Masta, ya sha wahala a kan rijiyar nan, ita cikinta na ƙarfe ne."

Na nemi wurin zama, babu. Na dafa sandar rumfar shanya. Gyamera ya koma juya kokonsa, ya ba ni baya, kuma wannan ne kirki mafi girma da ya taɓa yi mini.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Shafinka ne. Ka sa abin da ka ga dama."

Mai ɗab'i ya yi ta juya takardar, ya ce shekara ashirin yana buga littafin jana'iza bai taɓa sa hatimin gunduma a shafin miji ba. Ya tambaya ko ya zagaye ta da furanni kamar sauran shafuka. Na ce a'a. Na ce ya miƙar da ita tsaye, ya ƙara girman layi na biyar, a ƙasa kuma ya sa fassarar da na yi da harshenmu, jimla huɗu. Ta ƙarshe ita ce: ni na kawo muku rijiyar nan, ni nake ce muku ku bar ta.

Ranar Asabar filin makaranta ya cika da ja da baƙi. An kwantar da Afrakoma a kan gadon ƙarfe mai ƙyalli, an shafa mata hodar da ba ta taɓa shafawa ba. Aka raba littattafai. Kowa ya fara da shafin masu makoki, kamar kullum. 'Yan ƙungiyar matan coci suka karanta nasu, dangi suka karanta nasu, duk an ce ita itaciya ce mai inuwa. Sai mai gabatarwa ya ce saura mijin marigayiya, shafi na goma sha ɗaya.

Na ji ƙarar takarda ɗari shida ana juyawa lokaci guda. A shekara talatin da ɗaya na aji ban taɓa samun wannan ba.

Na karanta lambobin, na karanta ranar da aka ɗora takardar, na karanta jimlolina huɗu. Bai kai minti biyu ba. Na zauna.

Sai wata ƙanwar Afrakoma ta taso ta tsaya a kaina tana nuna ni da littafin, tana cewa mai kisa, mai baƙin ilimi, ka kashe ta ka hana ta ko yabo. Biyu suka biyo ta. Gyamera bai tare ba, kamar yadda ya yi alkawari. Ban ɗaga kai ba, don ba su faɗi abin da zan musa ba. Amma ta gefen ido na ga Maame Dufie mai dakunu ta miƙa wa wani malamin makaranta littafinta tana cewa ya sake karanta mata a hankali. Na ga mijin wata da aka binne a watan Maris, ita ma ƙoda, ya tashi ya fita daga rumfa da littafin a hannu, ba a ma kai ga raba abinci ba.

Ranar Litinin da safe na tarar an kwance hannun famfon, an tafi da shi. Ba wanda ya ce shi ya yi. Wasu mata uku suna tsaye a wurin da bokitai suna zagin wanda ya cire, suna cewa su ba za su iya dutse ba, mutuwa ai ta Allah ce. Na daina yi wa mutane jawabi a kan ruwa.

Bayan sati biyu wasiƙa ta zo daga gunduma, amsar fom ɗina. Sun gode mini da kishin ƙasa, sun sanar da ni cewa bayanin da na nema yana shafinsu. Oforiwaa ta ƙara da biro a ƙasa cewa ta canza wa takardar suna, yanzu an rubuta Ruwan Brempakrom, kuma ta miƙar da ita tsaye.

Galan ɗin mai ruwan ɗorawa yana bayan ƙofar kicin, inda na wuce shi sau dubu. An ɗaura masa tsumma a hannu don kada ya yanke yatsa. Yanzu ni nake hawa da shi. Hanyar ta cika da mata, suna wuce ni suna cewa sannu Masta, wasu ba sa cewa. A hawan akwai wurare uku da dole in tsaya in huta. A na biyu, ƙarƙashin wata bishiyar koko ta gonar Gyamera, akwai wani faffaɗan dutse da samansa ya yi sumul. Ranar farko da na zauna a kai, wata mata da ke saukowa ta rage tafiya ta ce, "Nan Maame Afrakoma take zama."

Rubutun da na yi mata, wanda na gyara sau bakwai, yana aljihun tebur ƙarƙashin kwalin wayar. Na sake karanta shi kwanan nan. Turancinsa ba laifi. Na ambaci haƙurinta, da girkinta, da muryarta a coci. Babu galan a ciki.